Keke a Hanyar Masu Ƙafa: Nazari kan Matsayin 'Yan Sandan Ingila

Dokar da ta hana hawa keke a gefen titin da aka keɓe wa masu tafiya a ƙafa a Ingila ta girmi keken da muka sani yau. A 1835 aka kafa ta saboda dawaki da keken doki da dabbobin kiwo, sai a 1888 majalisa ta shigar da keke cikinta. A 1999 aka ba 'yan sanda ikon cin tara nan take, wadda yanzu ta kai fam 50.

A shekarar ce kuma ƙaramin ministan cikin gida, Paul Boateng, ya bayyana cewa ba a yi tarar don mai keken da tsoron motoci ya kora gefe ba, muddin yana kula da masu ƙafa. Robert Goodwill na ma'aikatar sufuri ya sake jaddada hakan a 2014. Ke nan doka ta hana, gwamnati kuma ta ce a duba hali. Daga nan saɓanin ya taso: mazauna unguwa na ganin an ƙyale masu laifi, 'yan sanda na ganin ƙarfinsu bai kai su bi kowane laifi ba.

Rundunar 'yan sandan West Midlands ta zaɓi tushen matsalar, wato motocin da ke korar masu keke gefe. A 2016 ta fara ɗora ɗan sanda cikin farin kaya a kan keke, duk direban da ya wuce shi bai ba da tazarar mita ɗaya da rabi ba, a tare shi. Hujjarta tana da ƙarfi, domin masu ƙafar da mota ke kashewa sun ninka waɗanda keke ke kashewa nesa ba kusa ba.

Sai dai fargabar makaho ko tsohuwa da keke ya gifta ta gefenta ba ta shiga lissafin haɗari, kuma raina ta zalunci ne. A Huntingdon, a 2020, wata mai ƙafa mai raunin gani ta daka wa wata mai keke 'yar shekara 77 tsawa, mai keken ta faɗa gaban mota ta rasu. An yanke wa mai ƙafar ɗaurin shekara uku a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2024. Mata biyu ne masu rauni aka bari suna takarar 'yar hanya guda.

Mai gudun ganganci cikin mutane ya cancanci tara. Wanda tsoro ya kora gefe kuwa, hanyar keke ta daban yake bukata, kuma gina ta aikin hukumomin tituna ne.