Yadda Likitoci Suka Makara Wajen Haɗa Minshari da Kurumta

Shekaru aru-aru minshari abin dariya ne. A littafin Pickwick da Charles Dickens ya fara fitarwa a 1836 akwai wani yaro mai ƙiba, Joe, wanda barci ke sacewa ko a tsaye yake, kuma a 1956 likitoci a Amurka suka ari sunan littafin suka laƙaba wa cutar masu irin wannan hali. Ƙibar suka ɗora wa laifi. Sai a 1965 masu bincike a Faransa da Jamus suka kwana suna lura da marasa lafiya da na'urori, suka ga abin da matan marasa lafiyan suka daɗe da sani: maƙogwaro ya toshe, minshari ya yanke, ƙirji na ta kokawa, can sai mutum ya zabura ya shaƙi iska, wato ɗaukewar numfashi a barci. A 1981 likita Colin Sullivan na Ostareliya ya gabatar da na'urar hura iska ta hanci don magance wannan cuta.

Duk wannan tsawon lokaci ba a cika waiwayar kunne ba, alhali tun 1944 likita De Kleyn ya bayyana kurumtar farat ɗaya, wadda sau da yawa mutum kan wayi gari da ita a kunne guda. A ganina rabon aiki ne ya jawo jinkirin: likitan kunne na ganin mutum da rana, cutar kuwa da dare take ɓarna. Bayanan inshorar lafiyar Taiwan sun haɗa cututtukan biyu a 2012, aka duba mutum 3,192 da suka kurmance haka, aka tarar mazan cikinsu sun fi sauran maza yawan tarihin ɗaukewar numfashi a barci. A mata ba a ga haka ba.

Mai musu zai ce ƙiba da hawan jini da ciwon sukari na bin cututtukan biyu, kuma haɗuwa a takarda ba ta nuna wace ta haifi wace ba. Ya yi gaskiya. Amma sashen nan na can cikin kunne, mai naɗi kamar dodon koɗi, jijiyar jini ɗaya siririya ke ciyar da shi, ba ta da mataimakiya, ga iskar oksijin na raguwa sau da dama kowane dare. Zargin yana da tushe ko da hukunci bai faɗi ba. Wanda kunnensa ya ɗauke farat ɗaya ya ga likita a ranar, kuma ya faɗa masa idan yana minshari.