Hanyoyin Rage Kuɗin Mota Ga Matafiya Daga Sabon Birni Da Isa

Tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo a gabashin Jihar Sakkwato. Don haka muka tattara waɗannan bayanai domin amfanin jama'ar karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa.

Manyan hanyoyi

Mai zuwa birnin Sakkwato daga Sabon Birni yana bi ta Goronyo ne. Mai zuwa Gusau, Zariya ko Kano kuwa yana bi ta Isa, Shinkafi da Ƙauran Namoda. Akwai kuma hanyar Gundumi wadda ke yanke wa mutanen Isa nisa zuwa Sakkwato, amma ta sha zama kufai saboda 'yan bindiga. A tambayi direbobi halin da take ciki kafin a bi ta.

Dabarun rage kashe kuɗi

1. A daidaita tafiya da ranar kasuwa, kamar Lahadi a Goronyo da Alhamis a Shinkafi. Motoci sun fi yawa a ranakun, suna kuma cika da wuri, don haka ba a neman fasinja ya biya kuɗin kujerar da babu kowa.

2. A yi sammako. Wanda ya makara yakan ƙare da ɗaukar shata ko kwana a hanya.

3. A shiga mota a tasha, inda ƙungiyar direbobi ke tsayar da farashi, kuma an san direba. A daidaita kuɗin kaya kafin a ɗora su.

4. Bas ta fi ƙaramar mota araha. Maƙwabta masu kai amfanin gona kasuwa ɗaya su haɗa kuɗi su ɗauki mota guda.

5. A riƙe guzuri da canji daga gida.

Gargaɗi

Araha ba ta kai rai ba. A watan Disamba na 2021, 'yan bindiga sun ƙona wata mota kusa da ƙauyen Gidan Bawa, inda matafiya fiye da 20 suka rasu. Muna kira ga jama'a da su guji tafiyar dare da hanyoyin daji komai sauƙin kuɗinsu. Muna kuma roƙon hakimai da kansiloli su riƙa sanar da jama'arsu halin da hanyoyi ke ciki a kan kari.

Allah ya kiyaye hanya.