Daga azara zuwa ƙarfe: inda nauyi ke taruwa

Tun ƙarni na 15 aka kafa Gidan Makama. Maginan Kano sun san azara ba ta tsallake fiye da kusan mita 2, shi ya sa suke jera guntaye bisa guntaye daga bango, don nauyin rufi ya bazu.

Yau ƙarfe mai siffar I ya gaji azara, amma matsalar na nan. Ɗora masa tan 6 a sulusin tsawonsa: kan da ke kusa zai ɗauki 4, na nesa 2. Huɗun nan ta siririn tsakiyar ƙarfen za su sauka. In babu faranti a ƙasa ko tokare a gefe, yana iya lanƙwashewa.

Mai tayar da bene a cikin gari, tambayi injiniyanka wannan lissafin.