Majami'ar Yahudawa ta Birnin Dresden

Wanda duk ya ziyarci birnin Dresden na ƙasar Jamus, da wuya ya bar garin ba a nuna masa gidan wasan opera na Gottfried Semper ba. Amma akwai wani ginin na Semper da ba za a iya nuna wa kowa ba, wato majami'ar Yahudawa da ke kusa da Kogin Elbe.

Sai a shekarar 1837 hukumar Saksoni ta yardar wa Yahudawan birnin su yi ibada a fili. Kafin nan a ɗakunan gidaje suke taruwa. A 1838 aka aza harsashin ginin, aka buɗe shi a watan Mayu na 1840. Semper, wanda ba Bayahude ba ne, ya yi wata dabara. Daga waje ya ba ginin siffar tsofaffin majami'un Kiristocin Jamus, da ƙubba mai kusurwa takwas da ƙananan hasumiyoyi biyu a gaba, ta yadda ba zai tsole wa maƙwabta ido ba. Amma da an shiga ciki, sai a ga ginshiƙai da bakuna da zane-zane irin na fadar Alhamra da Musulmi suka gina a Andalus. A ganina, wannan shi ne halin da jama'ar ke ciki: a titi Jamusawa ne kamar kowa, a ciki kuwa suna tuna asalinsu na Gabas. Majami'u da dama a Turai sun bi wannan salo daga baya.

Siffar wajen ba ta cece shi ba. A daren 9 ga Nuwamba, 1938, 'yan Nazi suka cinna masa wuta, kamar yadda suka yi wa ɗaruruwan majami'u a ƙasar. Bayan haka aka tilasta wa Yahudawan su biya kuɗin kwashe kangon.

Wani ɗan kwana-kwana mai suna Alfred Neugebauer ya ɗauke tauraron Dauda na kan hasumiya ɗaya, ya ɓoye shi har aka gama yaƙi, ya mayar wa masu shi a 1949.

Gidan opera, wanda bama-bamai suka rusa a 1945, an sake gina shi kamar da, aka buɗe a 1985. Majami'ar kuwa ba a maido da siffarta ba. Sabuwa aka gina a wurin, mai salon zamani, aka buɗe ta ran 9 ga Nuwamba, 2001, aka kafa tauraron nan a bisa ƙofarta.