Femtokemistiri

Femtokemistiri reshe ne na kimiyyar sinadarai da ke auna yadda ƙwayoyin zarra ke haɗuwa da rabuwa a daidai lokacin da abin ke faruwa. Ma'auninsa femtosakan ne, wato kashi ɗaya cikin biliyan sau miliyan na daƙiƙa.

Ana aikin da walƙiyar hasken lesa guda biyu. Ta farko ce ke tayar da sauyin, ta biyu kuma ta biyo bayan ɗan jinkiri ta auna halin da sinadarin yake ciki. Idan aka riƙa sauya tsawon jinkirin, sai a ga matakan sauyin ɗaya bayan ɗaya.

Tushen dabarar na komawa ga Ronald Norrish da George Porter na Jami'ar Kambrij a Ingila, waɗanda suka raba kyautar Nobel ta 1967 da Manfred Eigen na Jamus. Ahmed Zewail, ɗan Masar da aka haifa a Damanhur a 1946, shi ya kai ta matakin femtosakan a cibiyar Caltech ta Amurka, ya kuma samu kyautar Nobel ta 1999. Ya rasu a 2016.

Dabarar ta taimaka wajen gano yadda ido ke karɓar haske da yadda tsirrai ke sarrafa hasken rana.