Hanya ɗaya ko buɗaɗɗen daji: tarihin gardamar wasannin RPG

1/ Jama'a, gardamar nan ta masu buga gem ba yau ta fara ba: RPG ya ja ka kan hanya ɗaya, ko ya sake ka ka bi duk inda ka ga dama? Zare ne, ku biyo ni.

2/ Asalin abin a kan tebur ne. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka. Mutum guda ke jan labari, sauran su faɗi abin da za su yi. In ka kauce, nan take ya ƙirƙiro maka sabuwar hanya.

3/ Kwamfuta kuwa ba ta iya wannan. Abin da aka rubuta mata kawai ta sani. Dole masu ƙira su zaɓa: a riƙe labari, ko a riƙe 'yanci.

4/ Yuji Horii na Japan ya ga Ultima da Wizardry na Amurka, ya sauƙaƙa su ya fitar da Dragon Quest a 1986. Taswira a buɗe take, amma ka tsallake gada kafin ka yi ƙarfi, dodanni su yi maka laga-laga. Katanga ce ba tare da gini ba.

5/ Daga nan Japan ta karkata ga labari. A Final Fantasy VII na 1997 ana kashe Aerith a gabanka, kuma wallahi babu maɓallin da zai cece ta. Shi ya sa har yau mutuwar ke ci wa mutane rai.

6/ Bethesda ta bi ɗaya hanyar. A Morrowind na 2002 kana iya kashe mutumin da labarin ya dogara da shi. Gem ɗin zai sanar da kai ka ɓata ƙaddara, sannan ya bar ka ka ci gaba.

7/ Kowanne fa da tsadarsa. Final Fantasy XIII na 2009 ya sha zagi, wai lungu ne dogo kawai. A Skyrim na 2011 kuma an ce duniya za ta ƙare, amma kana iya shafe sati kana tsinkar ganye, dodo na jiranka.

8/ Ni dai a ganina girman taswira ba shi ne 'yanci ba. Baldur's Gate 3 na 2023 babi uku ne a jere, amma kusan duk shirmen da ka gwada akwai amsarsa. Sun koma neman mai jan labarin nan na 1974 ne.

9/ Kafin ka kashe kuɗinka da awa ɗari na rayuwarka, tambayi wanda ya buga: in na kauce, gem ɗin yana lura?

Wanne ne ya lura da ku? Ku ajiye shi a ƙasa.