Isnadin Marubuta Linux

Tun shekarar 1991, sa'ad da wani ɗalibin Jami'ar Helsinki mai suna Linus Torvalds ya saki manhajar da aka sani da Linux, al'adar masu aikinta ta kasance duk wanda ya ga gyara ya aiko da shi ta intanet, a duba, in ya inganta a shigar, ba tare da an tsananta bincike a kan inda ya samo shi ba. Abin da ya ɗaure su kawai shi ne lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya tsara a 1989, Torvalds kuma ya rungume shi a 1992, wanda ya halatta wa kowa kwafa da sauyawa da rarrabawa, bisa sharaɗin kada ya haramta wa na bayansa abin da aka halatta masa.

Haka aka tafi bisa amana har watan Maris na 2003, lokacin da kamfanin SCO na jihar Yuta ta Amurka ya kai kamfanin IBM ƙara, yana neman diyyar dala biliyan 1, bisa da'awar cewa an ɗebo daga manhajar Unix, wadda SCO ya ce mallakinsa ce, an zuba cikin Linux. Da'awar ba ta da ƙarfin hujja, domin a 2007 alƙali ya hukunta cewa haƙƙin mallakar Unix na kamfanin Novell ne, SCO kuwa ya bayyana fatara a shekarar. Amma da'awar ta riga ta tona wani rauni na haƙiƙa, wato aikin da dubban hannaye suka taru a kansa, in aka nemi asalin kowane layi a gaban shari'a, ba kullum ake iya kawo shaida ba.

Maganin da Torvalds ya kawo a 2004, a ganina, ya fi hukuncin kotun muhimmanci. Ya wajabta wa duk mai kawo gyara ya sa sunansa a ƙarƙashinsa, yana shaida cewa shi ya rubuta, ko kuwa ya samo shi ta hanyar da lasisi ya yarda, sa'an nan duk wanda gyaran ya bi ta hannunsa ya ƙara nasa sunan, har ya isa ga babban kundi. Almajirin da ya karanta ilmin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, gama isnadi ne sak, wane daga wane, domin a san wanda za a tuhuma idan matani ya sami illa.

A 2005, da aka janye wa masu aikin Linux izinin amfani kyauta da BitKeeper, manhajar da suke adana sauye-sauyensu da ita, Torvalds ya rubuta Git, wanda ke taskance kowane sauyi da sunan mai shi da lokacinsa. Shari'ar SCO kuwa ta yi ta jan ƙafa, ba a rufe ta ba sai a 2021, bisa sulhun dala miliyan 14.25.